Yadda Ake Sa Motsi A Kan Takarda: Jan Aikin Masu Rubuta Kundi Kan Dabbobin Na'ura

Wanda ya taso daga garin Gaya ya kama hanyar Wudil, kafin ya kai gadar kogi zai wuce ta ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano, wadda aka buɗe a cikin shekarar 2001, aka kuma sake mata suna a 2022 ta koma Jami'ar Aliko Dangote. A nan, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da yawa daga 'ya'yan Gaya da Ajingi suke neman ilmi mai zurfi. Ƙasar Gaya kuwa ba baƙuwar ƙira ba ce, domin tarihin baka ya nuna cewa daga can ne wani maƙeri mai suna Kano ya tashi neman tama, har ya yada zango a gindin Dutsen Dala. Jikokin maƙeran da suka shiga fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, su ma ƙira suke yi, sai dai su ba a karɓar abin da suka ƙera sai ya zo a rubuce cikin kundi.

Kundin digiri yana da ƙa'idodinsa, kuma kowace jami'a tana da littafin jagora da ke bayyana su. A yawancin jami'o'in Nijeriya tsarin ya yi kama da juna: takarda mai girman A4, watau milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, baƙaƙe irin na Times New Roman masu lamba 12, tazara biyu tsakanin layuka, sa'an nan a bar fili mai faɗi a gefen hagu domin kada ɗinki ya cinye rubutu. Shafukan farko, na tabbatarwa da sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙunshiya, ana ba su lambobin Romawa. Daga nan sai babi biyar da aka saba da su, a rufe da manazarta da rataye. Ɗalibai kan ɗauki wannan duka a matsayin fitinar malamai. Lalle kuwa wanda aka mayar masa da kundi saboda gefe ya gaza, ya sake biyan kuɗin bugu da na mota daga Ajingi, alhali kuwa da hatsin gidansu aka sayar aka ba shi kuɗin, ba zai ji daɗin a yi masa wa'azi a kan amfanin ƙa'ida ba.

Amma akwai wani fanni na bincike inda tsarin kundi ya zama shi ne rabin aikin. Fannin kuwa shi ne na ƙera dabbobin kwaikwayo a cikin kwamfuta, a ba su gani da ji na kwaikwayo, sa'an nan a koya musu gane abin da wani yake aikatawa a gabansu. Ba wanda ya ce waɗannan abubuwa suna da rai. Lissafi ne zalla aka tufatar da siffar dabba.

Aikin ya daɗe. A tsakanin 1948 da 1949 wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Grey Walter ya ƙera wasu 'yan injuna biyu masu kama da kunkuru a birnin Biristol na Ingila, ya sa musu suna Elmer da Elsie. Kowanne yana da ido guda mai jin haske da kuma ƙoƙon baya mai jin taɓi, kuma da wannan ɗan abin kaɗai suna bin fitila, suna kauce wa abin da suka ci karo da shi. Bayan kusan shekara hamsin sai aikin ya koma cikin kwamfuta ɗungum. A shekarar 1996 wata ɗaliba 'yar asalin ƙasar Sin mai suna Xiaoyuan Tu ta kammala kundin digirin dakta a Jami'ar Toronto ta Kanada, a ƙarƙashin Farfesa Demetri Terzopoulos, a kan kifayen kwaikwayo. An gina jikin kifin da ƙulli 23 waɗanda aka haɗa da igiyoyi masu miƙewa da tsukewa guda 91, sha biyu daga cikinsu su ne tsokar da yake iyo da ita. An sa masa yunwa da tsoro da sha'awar aure, kowanne a matsayin adadin da ke hawa da sauka. Kundin ya ci kyautar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta wannan shekara.

Abin lura a aikin nata shi ne idon kifin. Duk abin da ke cikin wannan teku na kwaikwayo yana rubuce a ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka in an ga dama kifin zai iya sanin inda kowane abinci da kowane maƙiyi yake ba tare da ya duba ba. Sai mai binciken ta rage masa sani da gangan. Ta ba shi ganin kashi 300 daga cikin 360 na abin da ke kewaye da shi, ta yanke masa iyakar nisa, ta kuma hana shi ganin abin da dutse ko wani kifi ya kare. Ashe ƙera ido a nan yana nufin ƙayyade abin da ba za a gani ba. Don haka duk kundin da bai faɗi waɗannan iyakoki dalla-dalla a babi na uku ba, da alƙaluma da ma'auninsu, ya bar mai jarrabawa cikin duhu, domin ba shi da hanyar sanin ko dabbar gani ta yi, ko kuwa satar amsa ta yi daga ƙwaƙwalwar na'ura.

Gane aiki ya fi gani wuya, kuma a nan ne takarda take nuna gazawarta. A shekarar 1973 Gunnar Johansson na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin ya ɗaura 'yan fitilu kamar goma zuwa sha biyu a gaɓoɓin mutum, ya ɗauki hotonsa a cikin duhu. Idan aka tsayar da hoton, ɗigo-ɗigo ne kawai marasa ma'ana. Da zarar ya motsa, kafin ƙiftawar ido mai kallo ya gane cewa mutum ne ke tafiya. Ma'anar tana cikin motsin, shafin kundi kuwa ba ya motsi.

To, yaya ɗalibi zai yi? Dabara ta farko tsohuwa ce, tun daga Eadweard Muybridge wanda a 1878 ya jera hotunan doki yana sukuwa, ɗaya bayan ɗaya. Mai kundi zai jera nasa hotunan a layi, ya rubuta a ƙarƙashin kowanne daƙiƙar da aka ɗauke shi, domin jeri marar lokaci ba ya bambanta tafiya da gudu. Dabara ta biyu ita ce wadda Aaron Bobick da James Davis suka bayyana a 2001, inda ake tara motsi duka a hoto guda, wurin da ya motsa yanzu-yanzu ya fi haske, wanda ya motsa ɗazu ya dushe. Kyakkyawar dabara ce, amma tana da rauni a hannun injin kwafe takardu, wanda ke mayar da duk wani toka-toka ya zama baƙi ƙirin. Haka nan zanen da aka bambanta layukansa da ja da shuɗi, in ya fito daga bugun baƙi da fari sai su zama 'yan gida ɗaya. Mai hankali zai bambanta su da ɗigo da tsaga tun farko.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya taso a ƙauyukan Ajingi, ya yi niyyar koya wa dabbarsa ta kwaikwayo gane ayyukan gida da na gona. Zai tarar cewa tarin hotunan da masana suka saba gwaji da su ba su san garinsu ba. Wanda aka haɗa a cibiyar KTH ta Sitokholm a 2004 ayyuka shida ne na mutum 25: tafiya, sassarfa, gudu, dambe, ɗaga hannu da tafi. Na UCF101, wanda ya fito daga Amurka a 2012, yana da ayyuka 101 a cikin guntayen bidiyo 13,320, har da zamiya a kan ƙanƙara da kokawar Japanawa, amma babu daka, babu shiƙa, babu huɗa. Tilas ya ɗauki nasa hotunan da kansa.

Nan zai gamu da abin da kowace uwa a ƙasar Gaya ta sani ba tare da ta shiga aji ba. Sussuka da surfe da daka da kirɓa duk ɗaga taɓarya ne a sauke cikin turmi, ido kaɗai da ƙyar zai raba su daga nesa. Amma matar da ke bayan katanga tana jin sautin za ta faɗi ko zangarniya ake bugu, ko jiƙaƙƙen tsaba, ko kuwa dafaffen ƙullin fura. Dabbar da aka ba ido aka hana ta kunne za ta riƙa rikita su, kuma wannan rikicewar ita ce sakamakon binciken mafi daraja. Ana nuna ta a jadawali mai layi ɗaya da ginshiƙi ɗaya ga kowane aiki, yadda mai karatu zai ga sau nawa aka kira surfe daka. Jadawalin ayyuka goma sha biyar ba ya shiga shafi a tsaye. Sai a kwantar da shafin, kan jadawalin ya fuskanci ɗinki. Ɗalibin da ya matse shi har lambobin suka daina karantuwa, ko ya maye gurbinsa da adadi guda na yawan dacewa, ya ɓoye ainihin abin da ya gano.

Sauran matsalolin ƙanana ne, amma suna cin lokaci. Kundin da Turanci za a rubuta shi, sunayen ayyukan kuwa na Hausa ne, saboda haka sai an ware musu shafin bayani a gaba. Baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, duk da haka sukan rikiɗe su zama 'yan akwatuna idan kwamfutar shagon bugu ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Maganin abin shi ne a mayar da kundin PDF kafin a bar gida. Masu lissafi da yawa a shafi sukan koma ga LaTeX, wanda Leslie Lamport ya gina a kan tsarin TeX na Donald Knuth. Shi Knuth ya fara wannan aiki ne a 1977 don takaicin yadda maɗaba'a ta tsara masa littafinsa, abin da ke nuna cewa ƙorafi a kan shafi bai tsaya ga ɗalibai ba.

Akwai kuma batun mutanen da aka ɗauka a hoto. Daka aikin cikin gida ne, kuma shiga gidan aure da kyamara ba ƙaramin abu ba ne. Sai an nemi izinin matan da na masu gida, a sa samfurin takardar izinin a rataye, a kuma rufe fuskoki a hotunan da za a buga, musamman tun da Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Da an kare kundi a gaban mai jarrabawa na waje, an yi gyare-gyare, sai a ɗinke shi da bango mai kauri a kai ɗakin karatu. Dabbar kanta ba ta cikin bangon. A da akan maƙala faifan CD a cikin bangon baya, amma yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da wurin sa faifai, adireshin intanet kuma yakan mutu bayan 'yan shekaru. Ɗalibin da zai zo daga Gaya bayan shekara goma ya ɗauko kundin daga kanta, babi na uku da jadawalin da ratayen su ne abin da zai samu ya sake ƙera dabbar da su.