Yadda asibitocin jahar Mishigan suka haɗa kai suka rage cutar da ake kwasa a gadon jinya

Akwai mutanen da ake kwantarwa asibiti da wata cuta, sai su kwashi wata a can wadda ta fi ta farko haɗari. Wannan matsala ba ta bar ƙasashe masu arziki ba. A jahar Mishigan ta ƙasar Amurka, asibitoci da likitoci sun haɗu sun tunkare ta tare, kuma abin da suka cimma ya zama abin koyi a duniya.

Inda matsalar take

A sashen da ake kwantar da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani, sau da yawa ana zura wa majiyyaci wani siririn tiyo cikin babbar jijiyar jini ta wuya ko ƙirji ko matsematsin cinya, don ba shi magani da ruwa. Tiyon na ceton rai, amma idan ƙwayoyin cuta suka bi shi, kai-tsaye cikin jini suke shiga, kuma hakan na iya kisa. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin abin da babu makawa sai ya faru.

Wani likita na asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, Peter Pronovost, ya tattara matakai 5 na kariya a ƴar takarda guda: wanke hannu, sanya hula da takunkumi da riga da safar hannu masu tsabta tare da lulluɓe majiyyaci, goge fata da maganin chlorhexidine, kauce wa matsematsin cinya idan da hali, sannan cire tiyon da zarar buƙatarsa ta ƙare. Kowane likita ya san su. Amma da aka sa ma'aikatan jinya su lura, sai aka ga ana tsallake aƙalla mataki ɗaya a kan fiye da kashi ɗaya cikin uku na majiyyata.

Yadda aka yi aikin

A 2003, ƙungiyar asibitocin Mishigan ta haɗa hannu da Pronovost a wani shiri mai suna Keystone. Sassa 103 na masu tsananin ciwo, daga manyan asibitocin koyarwa har ƙananan asibitocin karkara, sun riƙa aiko da alƙalumansu.

Kowane sashe ya naɗa likita ɗaya da ma'aikacin jinya ɗaya su jagoranci aikin. An tara dukkan kayan sa tiyo a ƴar amalanke guda, don kada rashin wani abu ya zama dalilin tsallake mataki. An ba ma'aikaciyar jinya ikon dakatar da likita, komai girmansa, idan ya tsallake wani mataki, kuma shugabannin asibiti suka tsaya a bayanta. Ana ƙirga waɗanda suka kamu da cutar da ma'auni iri ɗaya a ko'ina, sannan kowane sashe ya ga matsayinsa idan an kwatanta da sauran. Suna tattaunawa ta waya a kai a kai, suna kuma haɗuwa ido da ido sau biyu a shekara.

Abin da aka samu

Mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon a watan Disamba na 2006. Kafin shirin, a kowane kwana 1.000 da tiyo ya yi jikin majiyyata, ana samun kamuwa 7,7 a matsakaici. Bayan wata 18 adadin ya sauka zuwa 1,4. Fiye da rabin sassan sun riƙa cika wata uku babu ko mutum ɗaya da ya kamu. An ƙiyasta cewa an ceci rayuka kimanin 1.500 a wannan lokaci, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ci gaban ya ɗore bayan shekara uku.

Takarda kaɗai ba ta isa ba

Mutane da yawa sun zaci sirrin yana cikin ƴar takardar. Amma a lardin Ontario na Kanada, da hukuma ta tilasta wa asibitoci amfani da irin wannan takarda a ɗakin fiɗa, binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyin a-zo-a-gani a yawan mace-mace ba. Masu binciken da suka koma suka nazarci Mishigan sun nuna cewa abin da ya yi aiki shi ne zumuncin da ya ƙullu tsakanin asibitocin. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya kai sifiri ba zai sake cewa abin ba ya yiwuwa ba. Kuma tunda alƙaluman na gyara ne, ba a hukunta kowa da su, babu dalilin ɓoye gaskiya.

Mishigan na da tushe a wannan fanni. Tun 1997 kamfanin inshorar lafiya na Blue Cross Blue Shield na jahar ya fara biyan kuɗin tattara bayanai tsakanin likitocin zuciya na asibitoci daban-daban, daga baya tsarin ya bazu zuwa fiɗa da wasu fannoni.

Ba baƙon abu ba ne a Nijar

A 2006, ma'aikatar lafiya ta Nijar, da tallafin hukumar USAID, ta haɗa gidajen haihuwa da dama a jahohin ƙasar a irin wannan tsari. Sun mayar da hankali kan yi wa mace allurar oxytocine nan take bayan fitowar jariri. Ungozomomi na ƙirga aikinsu kowane wata, suna haɗuwa suna kwatantawa, kuma zubar jini bayan haihuwa ya ragu ƙwarai a wuraren da suka shiga.

Darasin duka biyun ɗaya ne: ba a sayi sabuwar na'ura ba, ba a gano sabon magani ba. An dai amince a ƙirga da gaskiya, a nuna wa juna, kuma ƙaramin ma'aikaci ya iya ce wa babba ya dakata ya wanke hannu.