Haɗin vodka mai kama da lemo da Amurkawa ke yi a gida

Duk wanda ya hango kofin Cosmopolitan zai ɗauka zoɓo ne aka tsinka da ruwa. Launinsa ja ne mai haske, yana ƙamshin lemon tsami, ga sanyi. Amma fiye da rabin abin da ake zubawa wajen haɗa shi barasa ce mai ƙarfi.

Haɗin ya yi suna a mashayun birnin New York a ƙarshen shekarun 1980, bayan da kamfanin Absolut ya fito da vodka mai ɗanɗanon lemo a 1988. Daga baya shirin talabijin na Sex and the City, wanda aka fara nunawa a 1998, ya shigar da shi gidajen mutane, musamman mata 'yan birni da suka ga taurarin shirin riƙe da kofinsa.

Sauƙin haɗawar na cikin abin da ya ja hankali. Bisa ma'aunin ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya, IBA, ana zuba mililita 40 na vodka, da 15 na Cointreau, wata barasar Faransa mai ƙamshin ɓawon lemo, sai 15 na ruwan lemon tsami da 30 na ruwan kiranberi, wasu 'ya'yan itace ja masu tsami da ake nomawa a jihohin Wisconsin da Massachusetts. A girgiza su da ƙanƙara cikin gwangwani mai murfi, a tace a kofi. Shi ke nan.

Me ya sa vodka? Saboda ba ta da wani ɗanɗano na a zo a gani. Har zuwa 2020 dokar Amurka na bayyana ta a matsayin barasar da ba ta da ƙamshi ko launi ko ɗanɗano na musamman. Wiski da jin sukan nuna kansu komai aka zuba musu, ita kuwa vodka ɓacewa take cikin ruwan 'ya'yan itace. Da wannan ɗabi'a kamfanin Heublein, wanda ya sayi sunan Smirnoff a 1939, ya tallata wa Amurkawa abin shan da a da na Rashawa da 'yan Poland ne.

A nan kuma matsalar take. Vodka da Cointreau kowanne kashi 40 cikin 100 tsantsar barasa ne, don haka kofi ɗaya na Cosmopolitan na ɗauke da kusan giram 17. Hukumomin lafiyar Amurka na lissafa giram 14 a matsayin sha ɗaya, wato daidai da gwangwanin giya mai mililita 355. Kofin da ake iya shanyewa cikin 'yan kurɓa ya zarce gwangwanin giya ke nan, harshe kuma ba ya jin ɗacin da zai sa mutum ya ja birki. Hanta na buƙatar kusan awa guda kafin ta sarrafa sha ɗaya.

Wannan lissafi ma na mai aunawa ne. A mashaya akwai ɗan ƙaramin mudu na ƙarfe da ake amfani da shi. A ɗakin girki kuwa sau da yawa da ido ake zubawa, kuma idan an tara baƙi sai a cika tulu guda kowa ya riƙa ɗiba, babu mai ƙirga kofi nawa ya sha.

A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya illa ga lafiya, tana danganta ta da nau'o'in cutar daji aƙalla bakwai, ciki har da na mama da na hanji. Ruwan 'ya'yan itacen ba ya rage wannan haɗari, sukari kawai yake ƙarawa.

Yanzu mashayu da dama a Amurka da Turai na sayar da irin wannan haɗi ba tare da barasa ba: ruwan kiranberi, lemon tsami, ɗan ruwan lemon zaƙi da soda, a kofi iri ɗaya da na asalin.