Tagogin Da Ke Satar Kuɗin Wuta A New York

Benen nan mai hawa 102 da ake kira Empire State, a birnin New York na Amurka, tun 1931 aka buɗe shi. Kafin a sanar da shirin gyaransa a 2009, sai da injiniyoyi suka bi shi lungu-lungu suna auna inda ɗumi da sanyi ke zurarewa. Ashe tagogi na cikin ɓarayin.

Maimakon sayen sababbi, aka ciro tagogi 6,514, aka sa wata 'yar leda da iskar gas tsakanin gilasansu biyu, aka mayar, duk a cikin benen. Lissafin da aka yi kuwa, makamashin da ake ƙonawa zai ragu da kashi 38 cikin 100, watau dala miliyan 4.4 kowace shekara.