Uwargida, Mene Ne Cikin Kwalbar Ƙamshin Nan?

A wannan mako zancenmu a kan 'yan kwalaben ƙamshin nan ne, wato filebo, da muke ɗigawa a kek da zoɓo da kunun aya. Kin taɓa tsayawa kin karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin ki biya?

Banila ta ainihi 'ya'yan wani tsiro ne mai yaɗo. Asalinsa ƙasar Meziko, amma yanzu Madagaska ce ta fi kowa nomansa. Da hannu ake barbarar furensa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a yi watanni ana shanya 'ya'yan. Shi ya sa take da tsada. A 1874 masana a Jamus suka gano yadda za a haɗa ƙamshinta ba da tsiron ba, sai 'yan algus suka sami ƙofa.

A Amurka abin ya ƙazanta ƙwarai. Sai a haɗa ƙamshin kanti da ruwan wani ƙwallo mai suna tonka, a rina da ƙonannen sukari, a rubuta "banila zalla". Na lemun tsami kuma wani ba man lemu a ciki sai launi. Har akwai waɗanda suka yi amfani da barasar itace, wadda ke makantar da mutum.

Wani babban ma'aikacin gwamnati, Dokta Harvey Wiley, ya yi shekaru yana yaƙi da wannan ha'inci, ƙungiyoyin mata kuwa suka tsaya masa, suna ta aika wa wakilansu takardun kuka. Ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magunguna. Daga nan ma'aikata suka riƙa sayen kwalabe suna aunawa. Wanda aka kama sai kotu, a ci shi tara, a buga sunan kamfaninsa kowa ya gani. Tarar ba ta da yawa, laifin farko na safarar kayan bai wuce dala 200 ba, amma tonon asirin ya fi ta ciwo. A 1954 aka hana sa sinadarin tonka a abinci, don an ga yana ɓata hantar dabbobin gwaji.

Ki lura, dokar ba ta hana sayar da ƙamshin haɗi ba. Abin da ta hana shi ne a sa guba, ko a kira na haɗi na ainihi. Mai saye ya san abin da ya saya.

Mu a nan Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da wannan aiki. Amma ma'aikatanta ba za su shiga kowane ɗakin girki ba, sai mun taya su. Saboda haka, uwargida, ki duba lambar hukumar, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da kayan zai lalace. Ki karanta abubuwan da aka haɗa, domin banila ta ainihi irin ta Amurka, bisa dokarsu, aƙalla kashi 35 cikin 100 barasa ce. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba takarda, ki bar wa mai shi kayansa komai araharsa, kada ki yi cinikin biri a sama. In kin ga na jabu, a kai ƙara ofishin hukumar.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. In Inna ta aike ki kanti, ki karanta mata takardar kafin a buɗe kwalba. Cikin da za a zuba wa abin nan na ƙannenki ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.