Abin da ke sa silin tsohuwar mota ya saki, da yadda ake gyara shi

Masu tsofaffin motoci, musamman na tokumbo, kan wayi gari su tarar ƙyallen silin motar ya saki, yana reto a bisa kawunan fasinjoji. Lamarin bai tsaya ga muni ba, domin ƙyallen na iya tare wa direba madubin duba baya.

Silin mota hawa uku ne: allo mai tauri, siririn soso, sannan ƙyalle. Zafin rana da laima ne ke cin soson sannu a hankali har ya koma gari, ƙyallen ya rasa abin kamawa.

Shi ya sa shafa gam a kan tsohon soso asarar kuɗi ce, domin garin kawai gam ɗin ke kamawa, kuma yakan bar tabo a jikin ƙyallen. Soka fil kuwa maganin wucin gadi ne.

Gyara mai ɗorewa, wanda masu ɗinkin kujerun mota suka saba yi, yana farawa ne da kwance fitilar sili, da hannayen riƙewa, da marufan kare hasken rana, sannan a fito da allon. A kankare tsohon soson da buroshi har allon ya fita tas, a fesa gam mai jure zafi, a bari ya ɗan sha iska, sannan a shimfiɗa sabon ƙyalle mai soso daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare.

Idan motar na da jakar iska a gefen rufi, a cire kan batir kafin a fara aiki. Idan kuma rufin na yoyo, a toshe shi tukuna, in ba haka ba aikin zai koma baya.