Gwadon amarya: Ɗinkin da ke jiran hannu na biyu a ƙauyukan Gabi

Da zarar an gama kaka a kudancin jihar Maraɗi, abubuwa uku kan zo tare: sanyin hunturu, bukukuwan aure da tafiya ci-rani. Haɗuwarsu ce ke sa wani tsohon aiki na cikin gida yake tsayawa a hanya, wato haɗa babban gwadon da uwa ko kaka ke son sa wa 'yarta cikin kayan ɗaki.

Gabi ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madarunfa, dab da iyakar jihar Katsina, kusa da dajin Baban Rafi. Kamar sauran ƙasar Katsinan Maraɗi, ta gaji al'adar kaɗi da saƙa da ta daɗe a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina zuwa Kano a farkon 1851, ya tarar da tufafin ƙasar Hausa suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Abin da matashin birni bai cika sani ba shi ne gwado ko luru ba ya sauka daga masaƙa a shimfiɗe kamar bargon kanti. Mata ne ke gurza auduga su cire angurya, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari. Siririn zare daban, abawa mai kauri daban, kuma abawar ce ke ba mayafi nauyi da ɗumi. Daga nan masaƙi ya karɓa, ya saƙa doguwar ƙwarya mai ɗan faɗi. Idan ana son baƙi ko shuɗi, sai zaren ya bi ta marina a turo shi da baba.

Duk wannan ana iya biyan kuɗi a yi. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗawa.

Mu yi lissafi. A ce faɗin kowace ƙwarya santimita 15 ne, ana kuma son mayafin da zai rufe babban gado, mai faɗin da ya ɗan haura mita 2. Ƙwarya 14 ke nan, da layin ɗinki 13. Idan tsawon kowane layi mita 2 da rabi ne, allura za ta yi tafiyar fiye da mita 32, baki da baki, ɗinki a matse don kada ya yi tudu ya dami mai barci.

Tsawon ɗinkin ma da sauƙi. Saƙar hannu ba ta miƙewa daidai: wata ƙwaryar ta fi wata sakewa, ko da a masaƙa ɗaya aka yi su. Mace ɗaya in ta zauna ta kama daga wannan baki, kafin ta kai wancan sai ta tarar ɗaya ta fi ɗaya da taƙi guda, zanen da ya kamata ya haɗu a layi ya goce. Shi ya sa ake buƙatar wadda za ta zauna a ɗaya ƙarshen tabarma ta riƙe, ta ja inda ya saki, ta sassauta inda ya ɗaure. Galibi 'ya ce, ko ƙanwa, ko matar ɗa. A nan ake koyon aikin, ba a wata makaranta ba. Uwa ta ce “ja kaɗan”, 'ya ta ce “to, Inna”, har hannunta ya gane nauyin zaren.

Wannan hannu na biyu ne ke ƙaranci. Samari na ficewa bayan girbi zuwa Kano, Agadas ko Libiya, wasu kuma wuraren haƙar zinariya tun bayan da aka gano ta a Djado a 2014. 'Yan mata na makaranta ko aiki a Maraɗi da Yamai. Ga kuma matsalar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan bakin iyaka na Madarunfa, wadda ta sa wasu iyalai barin gidajensu. Wanda ke kwana da kunne ɗaya ba ya shimfiɗa aikin mako biyu a tsakar gida.

Kasuwa ma ba ta taimaka ba. Bargon China da na gwanjo sun cika kasuwar Maraɗi, ana saye yau a rufa da shi yau. Zaren kanti da yadin da mata ke ɗinka zanen gado mai ado da shi, mafi yawansu daga Najeriya suke shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, musamman daga Kantin Kwari. Hanyar ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Duk wadda zarenta ya ƙare a tsakiyar aiki ta san wahalar neman irin launin da ta fara da shi.

A ganina, kuskure ne a ɗauki gwado a matsayin kayan talaka da bargon kanti ya kora. Wanda ke zaune a Amurka zai iya duba labarin Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama. Matan can sun daɗe suna haɗa mayafin gado da tsofaffin tufafi don maganin sanyi, uwa na koya wa 'ya. A 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta sa hotunan mayafan a kan sarki. Ba su da masaƙa ko marina irin tamu. Abin da suka riƙe shi ne zaman ɗinkin tare.

'Yan uwa da ke waje suna ƙoƙari, kuɗin biki na isowa ta Nita ko Al Izza cikin minti kaɗan. Kuɗin na sayen gado da katifa da kwanukan jere, yana biyan masaƙi. Wajen haɗawa ne kawai ba ya aiki, sai dai a kai wa tela ya bi da keke, kuma ɗinkin keke kan tattare saƙar hannu, ya bar tudu a kowane layi.

Idan an samu mai riƙewa, ƙarshen aikin ba ya ɗaukar lokaci. Bayan layi na ƙarshe sai a kalmashe bakin, ko a tufke zaren da ya rage ya zama geza. A wanke don audugar ta shige, a shanya a inuwa saboda baba. Ninkewar ma sai mutum biyu, kowa da kusurwa biyu a hannu, kafin a sa shi a ƙasan akwatin amarya.