Guzurin tsufa: darasin ma'aikatan Air Afrique

A shekarar 1961, a birnin Yawunde, ƙasashen Afirka 11, har da Nijar, suka kafa kamfanin jiragen sama na Air Afrique. A zamanin nan, wanda ya samu aiki cikinsa, kakarsa ta yanke saƙa. Amma a 2002 kamfanin ya durƙushe, dubban ma'aikata suka wayi gari babu albashi, suna jiran haƙƙinsu. Tun a Janairun 1994 kuwa darajar sefa ta faɗi da rabi, masu ajiyar tsabar kuɗi suka ji a jikinsu.

Wannan darasi ya shafi ma'aikacin siminti na Malbaza, da ɗan Tajaye mai aikin albashi a Yamai. Abin da ake yanka wata-wata ana zubawa a asusun CNSS tushe ne, amma shi kaɗai da wuya ya riƙe gida. Shi ya sa mai hangen nesa kan raba ƙafa: garkar albasa a Galmi, shanun kiwo, ko shago a kasuwar Ƙonni. Kowanne da haɗarinsa, fari ko karyewar farashi, sai dai ba kasafai suke faɗuwa rana ɗaya ba. Da ma Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane.